Hanyar da Sankarar Mama Ke Bi a Jiki, da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu a Magarya da Dungas



Galibin matan da sankarar mama ke kashewa, ba kumburin da ke cikin nonon ne ajalinsu ba. Yaɗuwar ciwon zuwa huhu, hanta ko ƙashi ita ce ke kai su kushewa. Tun a 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan gawarwakin mata 735, ya lura cewa ciwon yana da wuraren da ya fi son sauka. Ya kwatanta abin da iri da ƙasa, kuma duk manomin da ya san bambancin jigawa da fadama zai gane nufinsa.

A 2001 aka samu wani ɓangare na dalili. Jiki yana da ƙananan sinadarai da ake kira kemokin, aikinsu kiran ƙwayoyin garkuwa zuwa inda ake bukatarsu. Ƙwaya ba ta amsa kiran sai tana da makarɓinsa a bayanta. Anja Müller da Albert Zlotnik da abokan aikinsu sun nuna a mujallar Nature cewa ƙwayoyin sankarar mama suna ɗauke da makarɓai biyu da yawa, CXCR4 da CCR7. Na farko yana amsa kiran CXCL12, wanda ya yawaita a huhu, hanta da ɓargo. Na biyu yana amsa CCL21, mai yawa a ƙwayoyin kaluluwa. Da suka toshe CXCR4 a jikin ɓeraye, yaɗuwar ta ragu ƙwarai.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Maganin da ke toshe CXCR4, wato plerixafor, Amurka ta amince da shi a 2008 don fito da ƙwayoyin ɓargo kafin dashe, ba don tsayar da sankarar mama ba.

Akwai wani makarɓi da ya shafe mu kai tsaye, ana ce masa Duffy ko ACKR1, wanda ke kwashe kemokin daga jini. Kusan dukkan mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke kare su daga zazzaɓin cizon sauro nau'in vivax. Masana suna ta muhawara kan tasirin wannan gado ga yaɗuwar sankara, amma mafi yawan binciken a kan baƙaƙen fatar Amurka ake yi. A ganina wannan aiki ne na jami'o'inmu na Damagaram da Yamai, tun da jinin namu ne.

Kafin nan, abin da ke hannunmu shi ne lokaci. Mace daga ƙauyen Dungas, ta ji ƙullutu marar zafi, sai a ce "daji ne, ba ya son allura", a yi shafe-shafe, a kai wa wanzami ya yi sakiya. Kafin ta isa asibitin Magarya, a tura ta Damagaram, daga can Yamai inda aka fara gashin sankara a 2021, tafiyar kusan kilomita 900, ciwon ya riga ya yi nisa.

Roƙona ga ungozomomi da malaman cibiyoyin lafiya: duk macen da ta zo da ƙullutu a nono, ku sa yatsu ku laluba hammatarta. In kun ji kaluluwa mai tauri wadda ba ta zafi, ku rubuta mata takardar turawa a ranar, ku kuma yi wa mijinta bayani.