Djibo Bakary: Mushen da Ya Ce "A'a", da Abin da Ya Biyo Baya

Jawabin da aka gabatar wa matasan ƙungiya a Badaguishiri, albarkacin bikin 3 ga watan Agusta

  

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi muku magana a kan ɗaya daga cikin mutanen da suka nema wa ƙasar nan ƴanci. Na zaɓi Djibo Bakary. Da yawanku sunansa kawai kuka sani, wasu ma sai a watan Oktoba na 2024 suka fara jin sa, lokacin da aka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi na Yamai aka sa nasa. Ni ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne, kuma ban zo in wanke wani in shafa wa wani baƙin fenti ba. Abu guda nake so ku tafi da shi gida: mutum yana iya zama da gaskiya kuma ya faɗi, to me zai yi bayan faɗuwar?

An haifi Djibo a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, garin da aka haifi Diori Hamani a 1916. Ƴan'uwa ne na jini, ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Amma yankinmu na Adar yana da rabo a cikin tarihinsa, don a Tawa ya yi lakwal tun yana ƙaramin yaro. Daga baya ya je makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da mushe-mushe da ma'aikatan ofis na ƙasashen da take mulka. Da ya gama, cikin wuraren da aka tura shi koyarwa har da Birnin Konni, nan kudu da mu, da kuma Agadas. Kun ga ke nan talakan Adar ba baƙo ba ne a wurinsa. Ya ga aikin tilas, ya ga yadda ake karɓar haraji, ya ga kwamanda yana magana kowa na sunkuyar da kai.

A 1946 aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar, kuma Djibo ya zama babban sakatarenta. Wajajen 1950, manyan RDA ƙarƙashin Houphouët-Boigny na Kodebuwa suka yanke shawarar sassautawa da gwamnatin Faransa. Diori ya bi wannan hanya, Djibo ya ƙi. A nan ƴan'uwan biyu suka raba gari. Djibo ya rasa aikin gwamnati, ya koma noman lambu a bakin kogin Yamai da aikin ƙungiyoyin ƙwadago. Ku dubi wannan da kyau. A wancan zamani wanda ya fito daga Ponty ɗan gata ne, albashinsa na tafiya, ana cire masa hula. Ya bar wannan duka ya koma cikin leburori.

A 1954 ya kafa jam'iyyarsa, wadda jama'a suka fi sani da sunan Sawaba. Kalmar Hausa ce, kun san ma'anarta: sauƙi bayan wuya. Ita ce dai kalmar da ƴan NEPU ta Malam Aminu Kano ke amfani da ita a tsallaken iyaka, har wata jarumarsu ta Zariya aka san ta da Gambo Sawaba. Alamar Sawaba raƙumi ce, ta RDA kuwa giwa. Su wa suka bi raƙumi? Direbobi da ƴan kamasho, teloli, mahauta, ƙananan ƴan kasuwa, manoman gyaɗa na Maraɗi da Tasawa da Damagaram. A ƙarshen 1956 Djibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A zaɓen watan Maris na 1957 ɓangarensa ya ci kujeru 41 cikin 60 na majalisar ƙasa, ya kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa, duk da cewa gwamna Bafaranshe yana sama da shi.

Sai 1958 ta zo. Janar de Gaulle ya hau mulki a Faransa, ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ranar 28 ga Satumba: "I", a zauna cikin tarayya da Faransa, ko "A'a", a samu ƴanci nan take, Faransa kuma ta janye hannunta da kuɗinta. A Afirka ta Yamma, shugabannin gwamnati biyu ne suka kira jama'arsu su ce "A'a": Sékou Touré na Gine da Djibo Bakary na Nijar. Ku tuna, a lokacin Djibo yana kan kujera. Da ya ce "I", da wataƙila shi za mu kira shugaban ƙasa na farko yau. Ya san abin da zai iya rasawa, amma ya ce "A'a".

Faransa ba ta bar abin haka ba. Tana yaƙi a Aljeriya, arewa da mu, ba ta son wata ƙofa ta buɗe a kudancin hamada. Ta aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka ja sarakuna da hakimai zuwa ɓangaren "I", aka yi amfani da motocin gwamnati da ma'aikatanta, aka tsorata mutanen karkara. Sakamakon da aka bayyana, kusan kashi 78 cikin ɗari sun ce "I", kuma waɗanda suka fito zaɓen ba su kai rabin masu rajista ba. Gine ta samu ƴancinta ranar 2 ga Oktoba 1958. A Nijar Djibo ya sauka, aka rushe majalisa, ranar 18 ga Disamba aka ayyana Jamhuriya da Diori a gaba. A 1959 aka haramta Sawaba. Djibo ya yi gudun hijira, ya zauna Bamako, ya zauna Accra wajen Kwame Nkrumah, daga baya Konakiri. Ranar 3 ga Agusta 1960, wannan ranar da muke biki, ƴancin da ya nema ya zo, shi kuwa yana wajen ƙasa.

To, ƴan'uwa, nan ne maganar ke da nauyi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan haramcin, ƴan Sawaba sun sha azaba: kamu, duka, korar aiki, ɗauri ba shari'a. Ni a gidanmu akwai wan mahaifina da ya binne katinsa na jam'iyya a ƙarƙashin rumbu, bai sake ambaton sunanta ba har ya bar duniya. Da ƙofar siyasa ta rufe, shugabannin Sawaba suka zaɓi makami. Aka tura samari horo a ƙasashe irin su Sin da Aljeriya da Gana. A watan Oktoba na 1964 suka shigo ta iyakokin ƙasar, har da wannan iyaka tamu ta Najeriya, suna zaton talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. An kama da yawa, an kashe da yawa, wasu an harbe su a bainar jama'a. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin Idin babbar salla a Yamai, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti yana nufin Diori. Diori ya tsira, ƙaramin yaro ne ya mutu. Yaron da aka sa wa kayan salla da safe, me ya sani game da "I" ko "A'a"?

Ban faɗi wannan don in rage darajar Djibo ba. An zalunce shi, an zalunci mutanensa, wannan ba a musu. Amma zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma ku lura da su wa suka biya kuɗin wannan shawara: samari ne masu shekarunku, ƴaƴan talakawan da aka ce za a kawo wa sawaba. Gwamnati kuwa sai ta samu hujjar ƙara matse kowa.

Bari in kai ku ƙasar Indiya na ɗan lokaci, don ku ga wani da ya faɗi ya ɗauki wata hanya. Sunansa Maulana Abul Kalam Azad, malamin tafsiri ne, an haife shi a Makka a 1888. Ya yi gwagwarmaya da Ingila tare da Gandhi da Nehru, ya shugabanci jam'iyyar Congress daga 1940 zuwa 1946, fiye da shekara uku daga ciki yana kurkuku. Babban burinsa kada a raba ƙasar tsakanin Musulmi da Hindu. A 1947 aka raba ta, aka fitar da Pakistan, mutane masu ɗimbin yawa suka mutu, wasu Musulmi ma suna zaginsa. Ya faɗi a kan abin da ya fi so. Bai bar ƙasar ba, bai kira kowa ga ramuwa ba. Ya karɓi ma'aikatar ilimi, ya riƙe ta har rasuwarsa a watan Fabrairu na 1958, shekarar da Djibo ya ce "A'a". Yau a Indiya ranar haihuwarsa, 11 ga Nuwamba, ita ce ranar ilimi ta ƙasa. Gaskiya ne, shi Azad jam'iyyarsa ce ke mulki, Djibo kuwa an rufe masa kowace ƙofa, don haka ba awo ɗaya ba ne. Amma duka biyun sun ɗanɗani ɗacin faɗuwa, kuma abin da kowa ya shuka bayanta shi ya tsiro.

Djibo ya dawo gida a 1974, bayan Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu. Bai daɗe ba, a 1975 aka kama shi. Ikon Allah, ƴan'uwan nan biyu na Sudure, raƙumi da giwa, suka shafe shekaru a tsare a hannun soja guda. Diori ya rasu a 1989 a Maroko. Da aka dawo da jam'iyyu bayan taron ƙasa na 1991, Djibo, yana tsoho mai shekara 70 da ɗoriya, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993. Ƙuri'un da ya samu ƴan kaɗan ne ƙwarai, Mahamane Ousmane ya ci. Wannan karon ya karɓi hukuncin akwati, ya zauna cikin ƴan ƙasarsa har Allah ya karɓi ransa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Yanzu ku, ƙannena. Kuna zaune tsakanin Konni da Tawa, kuna ganin halin da iyakokinmu ke ciki. Akwai masu zuwa wa matashi da maganar da rabinta gaskiya ce: an zalunce ka, ba ka da aiki, ba mai jin kukanka. Sai su miƙa masa bindiga, wani lokaci ma su lulluɓe ta da rigar addini. In irin wannan ya zo muku, ku tambaye shi ɗan wa zai mutu, kuma shi mai aiken a ina zai kwana ranar. Ku koyi tsayuwar Djibo ta 1958, ku iya cewa "a'a" ko da za ku rasa kujera ko kwangila. Hanyar 1964 kuwa, kakanninmu sun riga sun biya kuɗinta, kada mu sake saye.

In an kayar da ku a zaɓen ƙungiya, ko na kansila, ko an hana ku haƙƙinku a wani ofis, ku tsaya kan gaskiyarku, ku bi ta da hujja da takarda da haƙuri, kada ku fasa ƙungiya don ba ku ne a gaba ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rabuwar Djibo da Diori ita ta ba Colombani wurin sa ƙafa. Sannan ina ba ku aiki: akwai tsofaffi a Badaguishiri da Illela da ƙauyukanmu da suka ga zamanin raƙumi da giwa da idonsu, kuma kullum raguwa suke yi. Wayoyin nan da ke aljihunku suna ɗaukar murya. Ku je ku gaishe su, ku nemi izininsu, ku ɗauki abin da suka gani daga kowane ɓangare, ku kawo wa ƙungiya ta adana.

Allah ya jiƙan Djibo Bakary da Diori Hamani da duk waɗanda suka rasa rayukansu a wancan rikici, ya gafarta musu kurakuransu. Allah ya zaunar da Nijar lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya shiryar da matasanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini.