Rabon Aiki Tsakanin Kwamitoci: Abin Koyi Daga Unguwar Orangi



An nemi in yi magana a kan yadda ƙungiyar taimakon jama'a, watau irin wadda ba don riba aka kafa ta ba, take raba aiki tsakanin kwamitocinta. Batun ya shafe mu duka, domin da wuya ɗayanmu ya shekara biyu da kama aiki ba a naɗa shi sakatare ko ma'ajin wata ƙungiyar unguwa ba. Kowa kuwa ya san yadda galibin ƙungiyoyin nan suke ƙarewa. Ran farko a kafa kwamiti bakwai, kowanne da shugaba da mataimaki. Bayan wata shida sai a tarar mutum biyu ke ɗauke da kome, saura sai suna a takarda. Abin da nake son tabbatar muku shi ne, aiki yana tafiya ne idan an ɗora kowane nauyi a kan wanda ya fi kusa da shi, aka kuma ja iyakarsa sarai yadda kowa zai gani. Hujjata kuwa daga ƙasar Pakistan zan ɗauko ta.

Orangi unguwa ce makekiya a arewa maso yammacin birnin Karachi, wadda talakawa suka gina da kansu ba tare da tsarin hukuma ba. Kafin 1980 babu magudanar ƙazanta a yawancin layukanta. Ruwan wanka da na masai a kan hanya suke kwanciya, zawo da zazzaɓin taifot kuwa sun zama baƙin kowane gida. A wannan shekara ce Dokta Akhtar Hameed Khan, wanda ya riga ya yi suna wajen raya karkara a Comilla, cikin ƙasar da ake kira Bangladesh a yau, ya kafa ƙungiyar Orangi Pilot Project.

Da ya zauna da mutanen unguwa sai ya gano abu huɗu ke hana su gyara halinsu. Sun ɗauka aikin na gwamnati ne kaɗai, sai su jira. Kuɗin da 'yan kwangila ke yankawa ya fi ƙarfinsu. Ba su da ilimin awo da shimfiɗa bututu. Sa'an nan ba su da wani tsari da zai haɗa kansu. A kan waɗannan matsaloli ya gina rabon aikinsa.

Da farko ya raba aikin kansa gida huɗu: masai a cikin gida, bututun da ke bin layi, bututun da ke tattara na layuka, da kuma babbar magudana haɗe da wurin tace ƙazanta. Uku na farko aka kira su aikin ciki, nauyinsu a kan jama'a. Na huɗun aka kira shi aikin waje, nauyinsa a kan gwamnati, tun da babu unguwar talakawa da za ta iya ɗaukarsa. Ku lura, tun kafin a naɗa kowa, an riga an san inda nauyin wani ya tsaya, na wani ya soma.

Na biyu, ya ɗauki layi ya mai da shi kwamiti. Layi ɗaya a Orangi gida 20 ne zuwa 40. Mutane ne da suka san juna, suka san mai gaskiya da mai ɗan hali. Su za su taru su zaɓi wakilin layi daga cikinsu, shi zai karɓi kuɗin kowane gida, ya sayo kaya, ya ɗauki magina, ya yi bayanin abin da ya kashe a gaban maƙwabtansa. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an ce unguwar duka ta yi kwamiti ɗaya, da dambu ya yi yawa, bai ji mai ba.

Na uku, ita ƙungiyar ta tsaya a kan abin da jama'a ba za su iya yi wa kansu ba. Ma'aikatanta kashi biyu ne. Akwai masu jawo hankalin jama'a, galibinsu 'yan unguwar, waɗanda ke bi layi layi suna bayani. Akwai kuma masu ilimin sana'a, waɗanda in layi ya shirya ya nema, za su zo su yi awo, su zana taswira, su ƙiyasta kuɗi, su ba da aron kayan aiki, su duba ingancin abin da aka yi. Ga kuma abin da na fi so ku riƙe: kuɗin layi ba ya shiga hannun ƙungiya. Mai awo ba shi ne mai riƙe kuɗi ba, mai riƙe kuɗi kuma ba shi ne mai duba aiki ba. Da aka cire ribar ɗan kwangila da na goro, aka sauƙaƙa fasalin ginin, sai kuɗin ya sauko inda talaka zai iya kai hannu. Da wannan tsari gidaje fiye da 100,000 suka sami masai da magudana da kuɗin aljihunsu.

Da aiki ya bunƙasa, ya haɗa da ba da rance ga masu ƙananan sana'o'i, da kiwon lafiya, da gyaran gidaje, da makarantu, sai wata matsalar ta taso, watau kada kome ya taru a ofis ɗaya. Saboda haka a 1988 aka rarraba ƙungiyar zuwa hukumomi masu cin gashin kansu. Ɗaya ta riƙe bincike da horarwa da aikin magudanai, ɗaya ta riƙe rance, ɗaya ta riƙe lafiya, kowacce da majalisarta da littafin kuɗinta. Hikimar a fili take. Mai bin bashi tilas ya zama mai tsanani, mai yi wa yara rigakafi tilas ya zama mai sassauci; in mutum ɗaya ya haɗa biyun, uwar da ake bin mijinta bashi ba za ta kawo ɗanta ba. Dokta Khan ya rasu a 1999, aikin bai bi shi kabari ba. A 2006 gwamnatin Pakistan ta shigar da wannan rabo na ciki da waje cikin manufarta ta tsabtar muhalli. Ko kisan gillar da aka yi wa Perween Rahman, shugabar sashen bincike da horarwa, a watan Maris na 2013, bai tsai da aikin ba.

To, me ya rage a gare mu? Ba lalle ƙungiyar da za ku shiga ta yi aikin magudana ba. Wataƙila ta marayu ce, ko ta kuɗin makaranta, ko ta jinyar marasa hali. Amma ƙa'idar ɗaya ce. Kafin ku naɗa kwamiti, ku rubuta ayyukan tukuna, ku ware wanda ke naku da wanda ke na hukuma, don kada ku yi alkawarin asibiti alhali ƙarfinku na kuɗin mota ne zuwa asibitin. Kowane aiki ya zama da sunan mutum guda a gabansa, domin abin da aka ce na kowa ne, ba mai tashi dominsa da asuba. Kwamitin da ke yanke wa za a taimaka ya zama daban da wanda ke fitar da kuɗi, mai binciken littafi kuma kada ya zauna a ɗayansu. Wannan ba rashin yarda ba ne. Kāre mutuncin ma'aji ne ranar da baki ya yi yawa.

Sai dai akwai haɗari guda a cikin rabon aiki, wanda bai kamata in ɓoye muku ba. Kwamitoci suna da yawa, iyali kuwa ɗaya ne. Ku ɗauki matar da mijinta ya rasu, ɗanta ba lafiya, an koro 'yarta daga makaranta, mai gida kuma yana neman kuɗin haya. In kwamitin lafiya ya tura ta na ilimi, na ilimi ya tura ta na agaji, za ta gaji ta koma gida, kowane kwamiti kuwa ya rubuta cewa ba huruminsa ba ne. Maganin wannan shi ne irin wakilin layi na Orangi: mutum ɗaya na kusa, wanda ya san gidan, shi zai ɗauki maganar ya zagaya da ita, ita kuma ta zauna da 'ya'yanta.

Saboda haka ranar da aka miƙa muku kujera, kafin ku karɓa ku tambaya: mene ne aikina, ina iyakarsa, wa zan yi wa bayani, kuma yaushe? In ba a sami amsa ba, ku taimaka a samo ta tun a zaman farko.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.