Ƙanƙarar Fiffike da Saukar Ƙananan Jirage a Lokacin Sanyi



Ranar 9 ga Janairun 1997 wani ƙaramin jirgin kamfanin Comair, ƙirar Embraer 120, ya taso daga Cincinnati zuwa Detroit a Amurka. Yana shirin sauka ya kife, ya faɗi kusa da garin Monroe. Mutum 29 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Injin lafiyarsa lau. Ƙanƙara ce ta kwanta a gaban fiffike, siririya mai kaushi, wadda da ƙyar ido zai gan ta.

Daga ina ta fito? A cikin girgijen sanyi akwai ɗigon ruwan da ya wuce ma'aunin daskarewa amma bai daskare ba, sai ya bugi jikin jirgi ya sandare nan take. Fiffike kuwa da santsin iska yake ɗaukar jirgi. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ƙanƙara mai kaushin samfefa kan iya rage ƙarfin ɗagawa da kashi 30 cikin ɗari, ta ƙara turjiyar iska da kashi 40. To, a lokacin sauka ne matuƙi ke rage gudu. Gudun da ya ishe shi jiya, yau ba zai riƙe jirgin ba, ga ƙasa kusa, babu sararin gyara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maganin yana jikin jirgin. Akwai roba a bakin fiffike da ake hura wa iska, ta kumbura, ta farfasa ƙanƙarar. Amma shekara da shekaru ana koya wa matuƙa su jira ta yi kauri kafin su kunna, wai kada ta daskare a bisa robar da ta kumbura. Matuƙan Comair ba su kunna ba. Masu bincike na NTSB, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, sun ɗora babban laifin a kan hukumar jiragen saman da ke tsara ƙa'idojin, kuma ina ganin sun yi adalci.

Shekara takwas bayan haka, ranar 16 ga Fabrairun 2005, aka maimaita a Pueblo ta jihar Colorado: jirgin Cessna Citation, mutum 8 suka rasu. Wani jirgin irinsa da ke biye da shi ya ratsa yanayin nan ya sauka lafiya, domin matuƙansa sun yi ta kunna robar, sun kuma riƙe gudu. A 2008 NTSB ta fito fili ta ce a kunna da zarar an shiga ƙanƙara.

Ɗalibanmu na kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, kada ku ce wannan matsalar Turai ce. Da yawanku za su yi aiki a ƙasashen sanyi, kuma ko a sararin samaniyarmu, in aka yi sama sosai cikin hadarin damina, fiffike yana kama ƙanƙara.