Ziyarar Gida Ba Sai Da Salla Ba

Jawabi ga 'yan Gombe mazauna Kudu



A ƙasar Girka akwai ƙananan tsibirai waɗanda baƙi ke cikawa maƙil lokacin zafi. In sanyi ya shigo, jiragen ruwa su rage zirga-zirga, masaukai su rufe, a bar masunta da tsofaffi. Wanda ya je a lokacin nan shi ke ganin ainihin zaman mutanen wurin.

Haka al'amarin Gombe yake ga 'ya'yanta masu neman abinci a Ikko, Badun da Fatakwal. Galibinsu ba su zuwa sai da Salla, su tarar da gari cikin ado, ana hawa a ƙofar fadar Sarki, kowane gida tukunya na tafasa. Bayan kwana uku su juya, suna zaton kowa na cikin wadata.

Amma wanda ya sauka cikin Agusta, ba Salla ba biki, wani gari dabam zai gani. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, farashi ya hau a Tudun Hatsi. Garin kuwa a kwari yake, ƙasarsa rairayi ce, ruwa na zaizayarta har ya ci gidaje, kamar yadda ambaliyar 2004 ta yi. A irin wannan lokaci ne dattijo kan faɗa wa ɗansa abin da kunya ke hana shi faɗa gaban baƙi.

Saboda haka ya kamata kowane ɗan ci-rani ya ware mako guda cikin damina ya leƙo gida. Buhun masara ɗaya a Agusta ya fi turmin atamfa goma ranar Salla amfani ga iyaye. Gani ya kori ji.

Allah ya ba da iko, amin.