Jawabi a Kan Zaɓen Filin Wasan Ƙarshe na 'Yan Makaranta a Amurka

 

Abin da aka umurce ni in yi muku bayani a yau wata gardama ce da ake yi a ƙasar Amurka, wadda in mutum ya ji ta da farko zai ce ai maganar yara ce. Amma duk wanda ya taɓa tsai da wurin da za a yi taro, ya ga yadda na nesa ke ƙorafi, na kusa na murna, ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Mutanen Amurka suna da wani wasan ƙwallo nasu dabam da tamaular da muka sani. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa a ruga, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe, kowa da hular kwano don kare kai. Makarantun sakandare kan yi shi ran Jumma'a da dare tun daga ƙarshen watan Agusta, har a zo ƙarshen shekara a fitar da zakara. Kowace jiha tana da nata zakarun, ba a haɗa na ƙasa baki ɗaya. To, tambayar ita ce: a wane gari za a yi wasan ƙarshe?

Mu fara da Jihar Teksas. Can akwai wata hukuma da ake kira UIL, a ƙarƙashin Jami'ar Teksas, ita ke kula da gasar makarantun gwamnati. A da, malaman wasa na makarantun biyu da suka kai ƙarshe su ke zama su shirya tsakaninsu. In sun yarda da wani fili a tsakiya, shi ke nan. In sun kasa, sai a jefa kwabo sama, wanda ya ci shi ke da zaɓi. Wannan hanya tana da adalci irin nata, amma tana da aibi, domin ba wanda zai san inda za a yi wasan sai saura mako guda, kuma wasanni kan warwatsu a garuruwa dabam dabam.

Saboda haka daga 2006 hukumar ta fara tsai da fili tun kafin a fara gasa, da fari ga manyan makarantu kaɗai. Daga baya aka tattara wasannin a garin Arlington, kusa da Dallas, a babban filin ƙungiyar Dallas Cowboys da aka buɗe a 2009, wanda ake kira AT&T Stadium. Filin yana da rufi, ruwa ko sanyin Disamba ba sa hana kome. An kasa makarantu aji shida bisa yawan ɗalibai, kowane aji kashi biyu, watau wasa goma sha biyu ke nan cikin kwana huɗu. Har 'yan ƙananan ƙauyuka, waɗanda don ƙarancin yara suke wasa shida-shida, su ma suna taka wannan fili. Jama'a kuwa sun amsa. A 2013 mutum 54,347 suka kalli wasan makarantar Allen da ta Pearland.

Amma fa ku dubi wannan wasa da kyau. Allen tana nan gefen Dallas, tafiyar kamar sa'a guda. Pearland kuwa can kusa da Houston take, fiye da mil 250. Wanda ke El Paso, a ƙarshen yamma, sai ya yi fiye da mil 600, kusan kamar daga Kano zuwa Ikko. Uban da ke son ya ga ɗansa a wannan rana, wadda watakila ba za ta sake zuwa ba, sai ya bar aikinsa, ya biya kuɗin mota da na masauki, alhali wani a gidansa zai kwana. Ga kuma wahalar aron fili: a 2015 masu filin suna da nasu wasan a wannan Asabar, dole aka kwashe yawancin wasannin aka kai Houston.

Jihar Ohayo ta bi wata hanya, kuma a ganina labarinta ya fi koyarwa. Daga 1990 zuwa 2013 ana yin wasannin ƙarshe a yankin garuruwan Massillon da Canton, a arewa maso gabas. Canton gari ne mai alfahari da wannan wasa, don a nan aka kafa babbar ƙungiyar ƙwararru ta ƙasar a 1920. Sai dai mutanen Cincinnati, a kudu maso yamma, tafiyar fiye da mil 200 ke gabansu. A 2014 aka mai da wasannin Columbus, babban birnin jihar, wanda ke tsakiya, a filin jami'a mai ɗaukar mutum fiye da 100,000. Bisa takarda ba abin da ya fi wannan daidai. To, amma taron wasan 'yan makaranta, kome yawansa, in an zuba shi a irin wannan fili sai ya zama kamar tsaba a faifai, yara na wasa kujeru na kallonsu. Shekara uku aka yi a nan. A 2017 aka koma Canton, a filin da aka sabunta mai ɗaukar wajen mutum 23,000. Annobar 2020 ta sa aka kai wasannin wasu wurare, a 2021 aka sake dawowa.

Ni dai, in an tambaye ni, tsai da wuri tun da wuri ya fi jefa kwabo, gama mai masauki ya san baƙinsa, baƙo ya san ranar tashi. Kuma filin da zai cika ya fi wanda sunansa kawai ke da girma, sai fa inda jama'a ke da yawa irin na Teksas. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce da na nesa an yi masa daidai da na kusa. Ba a yi ba. Kuɗin ƙofa na shiga, to, daga cikinsu ya kamata a fara duba motar 'yan El Paso da masaukin 'yan Cincinnati kafin a duba wani abu.

Ranku ya daɗe, iyakar bayanina ke nan. Mai tambaya sai ya yi.