Tsofaffin Injinan Zarto da ke Kwance cikin Ɗakunanmu: Jawabin Kwamitin Sana'a a Taron Ƙungiya

 

Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Malam liman, Allah gafarta malam. Dattawa iyayenmu, da ƴan uwa ƴan bida da kunka zo daga Yamai, da Abijan, da Kumasi, da Kamaru, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun iske gida lafiya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, takardar ƙungiya za ta iske su da wanga jawabi.

A taron bara kunka ɗora muna aiki, kunka ce mu bi gida gida mu ga injinan zarto da ƴan uwa sunka kawo daga Kurmi, waɗanda ake kira tronsonez. Mun bi. Mun iske guda tara, wasu ƙarƙashin gado, wasu cikin rumbu, ɗaya ma kaji na kwana kansa. Kowane mai shi ya ce muna ya mutu. Da munka buɗe su, biyu kaɗai munka iske da ciwo mai tsanani. Sauran bakwai ba abin da ya same su sai ajiya da rashin kulawa, kuma yau huɗu daga cikinsu suna aiki. Abin da munka zo faɗa ke nan: kada kowa ya ƙara saida injinsa ga masu awon ƙarfe, domin gumin shekaru ne a daji ya saye shi.

Bari mu fara da asalinsu, don yara su san abin da ke hannun iyayensu. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a 1926, ya kuma yi mai shan fetur a 1929. A 1927 wani Bajamushen, Emil Lerp, ya fito da nasa mai suna Dolmar. Na farko farko mutum biyu ke ɗaukar su saboda nauyi. Haƙoran sarƙar da muka sani yau, masu lanƙwasa, wani mai saran itace ne a Amurka, Joseph Cox, ya fara yin su a 1947, bayan ya zauna ya kalli yadda tsutsar itace ke cin gungume. A 1959 Stihl ya fito da Contra, wanda mutum ɗaya ke riƙewa, a shekarar kuma Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga sana'ar. Wanda ƴan Kurmi sunka fi sani, Stihl 070, ya fito a 1968. Ya fi kilo 10 ba tare da lam da sarƙa ba, ba shi da gaggawa, amma yana da ƙarfi, kuma makaniken moto na kasuwa na iya kwance shi ya mayar. Shi ya sa munka ce da tsohuwar zuma ake magani.

To, in inji ya ƙi tashi, me za a yi? Dattawa, ba a fara da kwancewa. Inji yana son abu uku: fetur, da wuta, da matsin iska cikin silinda. Ana bin su ɗaya ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko, matsi. A kama igiyar tayarwa a ɗaga injin da ita. In ya sauka a hankali, yana tsayawa yana tafiya, to da ransa. In ya zube nan take kamar guga cikin rijiya, matsi ya tafi. Sai a cire salansa a leƙa ta ramin hayaƙi, a ja igiya a hankali. Piston mai lafiya sumul yake. In an ga zane zane kamar an ja shi bisa tsakuwa, ya ƙone, sai an canja piston da zobensa, wani lokaci har da silinda. Injinanmu biyu masu ciwo mai tsanani, abin da ya same su ke nan.

Na biyu, wuta. A cire buji a dube shi, domin shi ne ke ba da labarin ciki. In bakinsa ja ja ne kamar ƙasar tukunya, lafiya lau. In baƙi ne da tunƙun hayaƙi, fetur ya yi yawa ko matacin iska ya toshe. In fari fat ne, iska ta fi fetur, kuma wannan shi ne hanyar ƙonewa. In jiƙe yake, inji ya sha ya ƙoshi: a shanya bujin, a buɗe cok, a ja igiya sau da yawa ba buji, sannan a mayar. Tsakanin bakin buji rabin milimita ne. Wajen gwada wuta, a dangana jikin bujin ga ƙarfen inji, nesa da ramin buji da duk inda fetur ya zuba, a ja igiya. Ana son tartsatsi shuɗi. Tsofaffin injina suna da platin a bayan fankar da igiya ke juyawa. Ajiya na sa ya yi tsatsa. A goge shi da takarda mai laushi, a daidaita buɗewarsa wajen milimita 0.4. Da wannan kaɗai ɗaya daga cikin namu ya tashi, bayan shekaru yana kwance.

Na uku, fetur, kuma nan ne yawancin ciwon yake. Fetur da ya daɗe cikin tanki yana bushewa ya bar danƙo. Cikin karbirato akwai wata ƴar fatar roba, siririya kamar ganye, ita ke tura mai. In ta bushe ta yi tauri, ko an kwana ana jan igiya inji ba ya tashi. Ana saida ta da ƴan tarkacenta cikin leda guda, kuɗinta kaɗan ne. A duba tiyon mai ko ya tsage, da ƴar matatar da ke bakinsa cikin tanki. A jikin karbirato akwai sukuru biyu, ɗaya da alamar L, ɗaya da alamar H. A murɗa su ciki da turnabis a hankali har su taɓa, ba da ƙarfi ba, sannan a dawo da kowane wajen juyi ɗaya. Daga nan ake fara daidaitawa. Muna gargaɗi ga samari: in an matse H inji yana kuka mai daɗin ji, yana gudu kamar iska, amma yunwar mai yake ji, kuma ba ya daɗewa sai ya ƙone. Haka nan in inji na hauhawa shi kaɗai ba a taɓa shi ba, ko ya canja murya in an karkata shi, iska ce ke shiga ta robobin gefen ƙarfen da piston ke juyawa. A kashe shi nan take a kai ma makanike.

Yanzu maganar haɗin mai. Wanga inji ba shi da tankin man inji kamar mota. Man da anka zuba cikin fetur shi kaɗai ke shafe piston. Wani ɗan uwanmu ya ba ƙanensa aron inji, yaron ya zuba fetur zalla, kafin ya gama reshe biyu inji ya cije. Sai da anka sa baki kafin su koma gaisawa. Saboda haka a riƙe ƙa'ida: man 2T, ba man mota ba. Ga tsofaffin injina da man 2T na kasuwa, kashi ɗaya cikin 25, wato mililita 200 ga lita 5. Man zamani mai kyau na kamfani ana yi masa ɗaya cikin 50, wato mililita 100 ga lita 5. A auna da sirinji ko kwalbar magani mai zane, kada a auna da ido. A haɗa cikin bido a girgiza, ba cikin tanki ba. In fetur na ƴan ruwa-ruwa ne, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta. Kada a haɗa fiye da na wata guda. Wanda zai koma bida ya juye tanki, ya tada inji har ya mutu da kansa, sannan ya ajiye. Da an yi haka, da ba mu sha wahalar da munka sha ba.

A tuna kuma an ƙera su ne don dajin da ke da laima, mu kuwa ƙasar rairayi da hazo gare mu. Matacin iska kullum ake wanke shi, a bushe shi kafin a mayar. Tankin man sarƙa kada a zuba masa baƙin man da anka juye daga mota, domin garin ƙarfe ke cikinsa, yana cin famfo da lam. Sarƙa mai kaifi ɓawo take fitarwa, in ta fara fitar da gari kamar na tuwo ta dakushe. Sarƙar 070 tana son magagari mai kauri milimita 5.5. A wasa kowane haƙori daidai da ɗan uwansa, in ba haka ba yanka zai karkace. Kada a bari sarƙa ta taɓa ƙasa, rairayi na kashe kaifi cikin ƙiftawar ido.

Iyayenmu, akwai abin da ya fi inji tsada, shi ne jikin ɗan Adam. Duk wanda ya yi aikin katako a Kurmi ya san wani da ya dawo ba yatsu, ko da tabo a fuska. Injinan yanzu suna da birki da ke tsayar da sarƙa. Tsofaffin namu ba su da shi. In saman bakin lam ya taɓa itace, inji na zabura ya dawo kan mai shi kafin ya ce wayyo. Don haka: hannu biyu kullum, babban yatsa ya zagaye mariƙi. Ba a yanka da bakin lam, ba a yanka sama da kafaɗa, ba a hawa itace da shi. A tada shi a ƙasa, ƙafa na danne da shi. Ba a aiki da babbar riga ko rawani mai jela, ba a aiki da silifa. A toshe kunne, a kare ido, yara su yi nesa, kuma mutum ba ya fita daji da shi shi kaɗai.

Mun san tambayar da ke zukatan dattawa, kuma tambaya ce ta gaskiya: in mun tada injinan nan, ba itatuwanmu za su ci ba? Kun ga fari na 1973, kun ga yunwar 1984, kun ga gonaki tsirara iska na binne shuka. Kun kuma ga yadda sassabin zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga jihar Maradi wajen 1984, ya maido da itace cikin gonaki, har masana sun ƙiyasta hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Gawon da ya yi shekara talatin yana ba gona taki, yana ba dabbobi abinci, inji na kada shi kafin shayi ya dahu. Ƴan uwanmu na Gana shaida ne: tun 1998 doka ta hana tsaga katakon sayarwa da irin wanga inji a can, saboda abin da ya yi ma dajinsu. Mu ma muna da dokar gandun daji ta 2004, kuma gawo na cikin itatuwan da ba a taɓawa sai da izni. Aikin da muke nufi shi ne busasshen itace, da wanda iska ta kada bisa hanya ko bisa katanga, da rage rassan dogon yaro da sunka hau kan ɗaki. Wannan aiki ne da gatari ke kwana uku kansa.

Ga abin da kwamiti ke roƙon taro ya amince da shi.

1. A tara injinan duka cikin magazan ƙungiya, a rubuta sunan mai kowane da lambar da ke jikinsa. Inji na mai shi ne, ajiya ce kawai.

2. Wanda ba ya gyaruwa kada a yar. A kwance shi a jera kayansa, domin sukuru guda na tsoho na iya tada wani. A bar guda ɗaya cikakke don koya ma yara.

3. Ƴan bida masu sayo kayan gyara su tafi da tsohon abin a hannu su gwada, domin kasuwa cike take da jabu masu kama da na asali.

4. Inji ba ya fita sai da mutumin da kwamiti ya koya ma aiki, da sanin mai gari, da takardar ma'aikatan gandun daji in aikin na bukatar ta. Ba a kada ɗanyen itace da injin ƙungiya.

5. Kuɗin haya a raba uku: na mai inji, na mai aiki, na asusun gyara. Daga asusun a riƙa sayen dashe don ranar 3 ga Agusta.

Muna neman samari huɗu da za su zauna da makanike kowace ranar kasuwa har su iya. Wanda ke da inji a gida bai faɗa muna ba, ƙofa a buɗe take, ya kawo ko da cikin buhu ne. Inda munka yi kuskure dattawa su gyara muna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai ƴan bida lafiya ya maido su lafiya. Wassalamu alaikum.