Kaɗawar da ke Tashi daga Tabon Rana

Kowa ya sani idan mutum ya ja da baya daga murhu, zafi raguwa yake yi. To, rana ta saɓa wa wannan ƙa'ida. Zafin fuskarta wajen digiri 5,500 ne, amma farin rawanin da ya kewaye ta, wanda ido ba ya gani sai ranar husufi, ya haura digiri miliyan guda. Ta wace hanya zafin yake hawa?

Masana sun daɗe suna neman amsa a wajen baƙaƙen tabon nan na fuskar rana. A 1908 wani Ba'amurke, George Hale, ya gano cewa kowane tabo matattarar maganaɗisu ce. Ƙarfin maganaɗisun yana danne tafasar da ke kawo zafi daga ciki, shi ya sa wurin ya fi kewayensa sanyi, ya yi duhu.

Ita fuskar rana ba ta zama shiru. Tana ɗagawa tana sauka kamar fatar ganga, kusan kowane minti 5. Amma a saman tsakiyar tabo, kaɗawar minti 3 ce take rinjaye, domin iskar wurin tana mayar da mai nawa baya, ta bar mai sauri ta wuce. A gefen tabon kuwa, inda layukan maganaɗisu suka kishingiɗa, har ta minti 5 ɗin tana samun hanya. Wannan, a ganina, shi ne abin sha'awa: karkatar layin ce take zaɓen wadda za ta hau.

Da kaɗawar ta yi sama, iska ta yi shara-shara, sai ta ƙara tsanani, kamar yadda bulala take tashi a hankali daga mariƙi, ta yi ƙara a bakinta. Walƙiyar wannan ƙarar ce Beckers da Tallant suka bayyana a 1969. Akwai kuma wata iri wadda Hannes Alfvén na ƙasar Suwidin ya yi hasashenta a 1942, mai bin layin maganaɗisu kamar an taɓa tsirkiyar garaya.

Kada a ɗauka zancen ya tsaya can sama. Idan layukan nan suka murɗe suka tsinke, aman wutar da ke biyo baya yakan toshe rediyon gajeren zango a ɓangaren duniya da rana take haskawa. A watan Maris na 1989, guguwar rana ta kashe wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada har awa 9.